GYARAN BIRKIN MOTA CIKIN RANGWAME BA TARE DA SAYAR DA RAI BA



An shirya wannan jawabi ne domin masu motoci, da direbobi, da makanikai, da shugabannin tasha, musamman waɗanda abincinsu yake bisa hanya tsakanin Arewa da Kudu: masu ɗauko shanu da albasa da tumatir zuwa Legas da Ibadan da Onica da Fatakwal, su koma da goro da manja da kayan kanti, da kuma masu tasi da ƙananan bas na cikin gari. Abin da za a yi magana a kansa shi ne birki, da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai gyara shi idan ya lalace, ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba, ba kuma tare da ya jefa ransa da na fasinjojinsa cikin halaka ba.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyaran mota sun yi tsada ƙwarai, domin galibinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su. Direba ya kan tsaya gaban makanike yana lissafi, ga kuɗin haya, ga cefane, ga balas ɗin mai mota yana jira. A nan ne zuciya ke raya masa cewa a lallaɓa birkin haka nan har wata ya ƙare. To, mota ta kan yi haƙuri da tsohon fenti da yagaggiyar kujera shekara da shekaru, amma birki ba ya karɓar uzuri. Duk da haka akwai hanyoyi na gaskiya na rage kuɗin gyara, kuma su ne za a bayyana ɗaya bayan ɗaya.

YADDA BIRKI YAKE AIKI

Wanda bai san cikin abu ba shi ake cuta wajen gyaransa. Saboda haka sai a fara da sanin kayan.

Idan direba ya taka feda, ƙarfin ƙafarsa yana bi ta cikin wata tukunya mai faɗi da ke bayan inji, wadda makanikai ke kira busta. Ita ce ke ninka ƙarfin, da taimakon iskar da inji ke zuƙa. Daga nan sai ƙarfin ya isa masta, wato famfon da ke tura man birki cikin siraran bututai na ƙarfe zuwa ƙafafun mota huɗu. Kusa da kowace ƙafa akwai guntun tiyo na roba, domin taya tana juyawa tana kuma hawa da sauka. A ƙafafun gaba, man yana tura kalifa, ita kuma ta matse fad guda biyu a jikin wani faranti na ƙarfe da ake kira diski. A ƙafafun baya na motoci da yawa, man yana tura wata ƙaramar silinda, ita kuma ta buɗa shu guda biyu su goge cikin duram. Wannan gogayya ita ce ke tsayar da mota, kuma ita ce ke haifar da zafi mai tsanani.

Asirin abin duka a wuri ɗaya yake: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Muddin bututai cike suke da mai zalla, duk abin da ƙafa ta taka sai ya isa taya. Da zarar iska ko tururi ya shiga, sai feda ta nutse banza. Motocin zamani an raba musu hanyar man kashi biyu, don idan ɗaya ta fashe ɗayar ta rage. Wannan rabi an yi shi ne domin a samu a tsaya a bakin hanya, ba domin a ci gaba da aiki da shi ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane direba ya haddace. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsayar da mota ta kan ninka sau huɗu. Haka abin yake ga birki lafiyayye, balle wanda ya gaji.

ALAMOMI DA ABIN DA SUKE NUFI

Hanya ta farko ta rage kuɗi ita ce a gano ainihin cutar kafin a sayi kome. Mutane da yawa sun sayi masta sabuwa alhali abin da ya lalace tiyo ne guda ɗaya.

Idan birki yana ƙara siririya kamar fito, galibi fad ne ya kusa ƙarewa. Sabon fad ya kan yi kaurin milimita 10 zuwa 12. In ya sauko zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. A wannan mataki gyaran ba shi da tsada. Idan kuwa aka ƙyale har ƙarar ta koma gurnani, wato ƙarfe na cin ƙarfe, to, diski ma ya tafi, wani lokaci har da kalifa, kuɗin ya ninka sau da dama.

Idan feda ta yi laushi kamar soso, amma ta yi ƙarfi bayan an taka ta sau biyu ko uku, iska ce ta shiga, ko kuwa shu na baya sun yi nisa da duram. Maganinsa a fitar da iskar, a daidaita shu, a kuma nemi inda iskar ta shigo.

Idan an taka feda an riƙe, ta dinga nutsewa a hankali har ƙasa, sai a duba ƙarƙashin mota da cikin tayoyi. In an ga jiƙa, akwai yoyo a bututu ko tiyo ko silinda. In babu jiƙa ko'ina, man kuma bai ragu ba, to, robobin cikin masta ne suka gaji.

Idan feda ta yi tauri kamar dutse, mota kuma ba ta tsayawa sai da ƙyar, a fara duba tiyon da ya haɗa inji da busta. Sau da yawa shi ne ya tsage, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Akwai gwaji da ba ya cin ko kwabo: a kashe inji, a taka feda sau biyar, a riƙe ta, sannan a ta da inji. In feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa, busta lafiya take.

Idan mota tana ja gefe ɗaya sa'ad da aka taka birki, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, kalifa ce ta maƙale, ko kuwa mai ya zuba a kan fad. Idan sitiyari ko feda na rawa wajen tsayawa, diski ne ya ci ba daidai ba.

Idan fitilar ABS ta kama a allon gaban direba, birki na yau da kullum yana nan yana aiki, sai dai na'urar da ke hana taya cijewa ta tsaya. Galibi datti ne ko tsinkewar waya a jikin ƙafa. A sa mai na'urar bincike ya duba kafin a yarda da sayen babban akwatin. Amma jar fitilar birki daban take. In ta kama alhali birkin hannu a sauke yake, a tsaya a duba man nan take.

HANYOYIN RAGE KUƊI NA HALAL

Na ɗaya, dubawa da wuri. Kowace safiya direba ya buɗe bonet ya dubi kwalbar man birki, ya taka feda kafin ya motsa, ya leƙa ƙasa inda mota ta kwana. Minti biyu sun isa. Man da ke raguwa sannu a hankali cikin watanni alama ce ta fad yana cinyewa. Wanda ya ragu cikin kwana biyu kuwa yoyo ne. Ƙara mai kullum ba gyara ba ne.

Na biyu, a gyara abin da ke gyaruwa. Kalifar da ta maƙale ba lalle sai an jefar da ita ba. Makanike na ƙwarai zai kwance ta, ya wanke, ya sa sababbin robobi, ya shafa wa sandunan da take zamewa a kansu giris na musamman na birki. Haka masta da silindar baya: idan cikinsu sumul yake, babu tsatsa babu zane, kit na robobi ya wadatar, kuɗinsa kuma bai kai na sabuwa ba ko kusa. Amma in cikin ya ci, sababbin robobi ba za su daɗe ba. A nan sayen wata shi ne araha.

Na uku, a auna diski da duram kafin a yanke hukunci. Masu ƙerawa sun buga lamba a jikinsu wadda ke nuna iyakar cin da za su iya ɗauka. In diski yana da sauran kauri, ana iya kai shi wurin masu injin fiƙe ƙarfe su gyara fuskarsa. In ya kai iyaka, ba a fiƙe shi, domin siririn diski ba ya ɗaukar zafi, ya kan tsage.

Na huɗu, a san abin da ake saye na hannu da abin da ba a saye. A kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, da Agodi Gate a Ibadan, da Nkpor kusa da Onica, da Nnewi, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, ana samun kayan da aka cire daga motocin waje, waɗanda ake kira 'yan Beljiyom. Busta, da gangar jikin kalifa, da duram ko diski mai sauran kauri, da akwatin ABS, duk ana iya sayensu na hannu, muddin an tafi da makanike ya duba, an kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai yi ba za a mayar. Amma fad, da shu, da tiyo, da robobi, da man birki, waɗannan biyar sababbi ake saye, domin roba tana tsufa ko da ba a yi aiki da ita ba.

Na biyar, ba dole ne sai kayan kamfanin da ya ƙera motar ba. Akwai sanannun kamfanoni masu yin fad da robobi masu inganci a kuɗi ƙasa da na asali. Abin gudu shi ne jabu, wanda aka sa masa kwali mai kyau. A dubi rubutun kwali, a dubi yadda aka manna fad a jikin ƙarfensa, a karɓi rasit mai sunan kanti. Kayan da kuɗinsa ya gaza na sauran kasuwa da nisa, akwai dalili. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda aka sayar wa jabu yana iya kai ƙara ofishin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, wadda aka kafa tun 1971.

Na shida, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. A tambayi makanikai biyu ko uku kafin a ba da aiki. Mai mota ya tsaya a buɗe ƙafar a gabansa, a nuna masa abin da ya lalace, bayan an gama kuma a ba shi tsofaffin kayan a hannu. Makanike mai amana ba ya jin haushin wannan.

Na bakwai, a haɗa aiki. In an riga an ɗaga mota an cire tayoyi, a duba ƙafafu huɗu gaba ɗaya, a daidaita birkin hannu, a canja man in lokacinsa ya yi. Biyan aiki sau ɗaya ya fi biyansa sau uku.

Na takwas, haɗin kai. Direbobin tasha ɗaya galibi iri ɗaya suke tuƙawa. Idan ƙungiya ta sayi fad da man birki a katan daga dila amintacce, kowa zai samu rangwame, jabu kuma ba zai samu ƙofar shiga ba. Haka nan adashen gyara, wanda direba ke zuba ɗan abu kullum, ya kan hana shi cin bashi ranar da birki ya nemi haƙƙinsa.

Idan kuɗi bai isa a yi duka ba, ga yadda za a jera su. Yoyo shi ne farko, ba a motsa mota da shi. Sai fad na gaba, domin ƙafafun gaba su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. Sai na baya da birkin hannu. Sai canjin mai. Abin da zai iya jira 'yan kwanaki shi ne fitilar ABS, da sharaɗin a rage gudu, musamman da damina. In kuwa kuɗin toshe yoyo ma babu, sai a ajiye motar. Asarar cinikin kwana uku ana mayar da ita.

MAGANAR MAN BIRKI

Man birki yana shan laima daga iska, ko da mota a ajiye take. Irin da aka rubuta wa DOT 3, in sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205. In ya sha ruwa, iyakar ta kan sauko wajen 140. DOT 4 kuwa daga 230 ya kan sauko zuwa 155. A gangara mai tsawo, da kaya a bayan mota, birki ya kan yi zafin da zai tafasa tsohon mai. Da ya tafasa sai ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa, alhali babu abin da ya fashe. Wannan ne ya sa ake canja man duka kamar kowace shekara biyu, kuma a wurare masu laima irin Legas da Warri da Kalaba bai kamata a wuce haka ba. A sayi wanda aka rubuta a murfin kwalbar motar, cikin gwangwani mai hatimi. Kada a sayi na awo a buɗaɗɗiyar kwalba. DOT 5 dabam yake da sauran, ba a gauraya shi da su.

Bayan kowane aiki da aka buɗe bututu, wajibi ne a fitar da iska. Mutum biyu ke yi, ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe ɗan kusar da ke jikin ƙafa, ana kula kada kwalbar ta ƙafe. Bayan an sa sabon fad kuma, a taka feda har ta yi ƙarfi kafin a sa giya, a gwada motar a fili inda babu mutane, sannan a bi ta a hankali kilomita 200 na farko har fad ya zauna.

ARAHA MAI KISA

Akwai dabarun da ake gani a bakin hanya waɗanda ba su da wani suna sai ganganci.

Zuba ruwan sabulu, ko man inji, ko man giya a madadin man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa. Man inji kuwa yana kumbura dukan robobin da ke ciki, har sai an canja su kaf, wato an kashe kuɗi ninkin abin da aka guje wa.

Toshe bututun ƙafa ɗaya da ƙusa, ko murɗe shi da filaya, don a hana yoyo. Motar da aka kashe wa ƙafa ɗaya ta kan juya gefe ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Ɗaure fasasshen tiyo da robar tayar keke, ko like bututu da dalma. Ƙarfin da ke cikin bututun birki ya fi ƙarfin duk wani ɗauri. Canja bututun ake yi.

Canja fad na gefe ɗaya a bar ɗayan. Hagu da dama tare ake canja su.

Manna wa tsohon ƙarfen fad sabuwar fata da gam na kasuwa. Zafi ya kan ɓamɓare ta a tsakiyar tafiya.

Makanikai kuma su kula da lafiyarsu. Wasu fad da shu, musamman tsofaffi da masu araha, akwai asbestos a cikinsu, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kada a hura ƙurar duram da baki ko da iskar famfo. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

MANYAN MOTOCI

Tirela da tanka da gingimari galibi da iska birkinsu ke aiki. Direba ya jira agogon iska ya cika kafin ya tashi. Ya zubar da ruwan da ke taruwa a tankunan iska kullum. Ya kashe inji ya saurara, in ya ji huci akwai yoyo. A riƙa daidaita birkin kowace ƙafa, kada kuma a cire na bodin baya don a huta da gyara. Lodi fiye da kima shi ne babban abokin gāban birki, domin an auna shi ne da nauyin da kamfani ya rubuta. A gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko ta Ugwu Onyeama kusa da Inugu, ko ta Kugbo a Abuja, tun daga sama ake sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. Sakin mota a firi don a rage shan mai shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

IDAN BIRKI YA ƘWACE ANA CIKIN TAFIYA

Direba ya natsu. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka feda da sauri sau da yawa, wataƙila rabin da ya rage ya kama. Ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ya ja birkin hannu a hankali, yatsansa na kan maɓallin, don in tayoyin baya sun cije ya sassauta. Ya kunna fitilun haɗari ya danna ham. Kada ya kashe inji, domin sitiyari zai yi nauyi, yana ma iya kullewa. Ya nemi hawa, ko yashi, ko ciyawar gefen hanya, nesa da mutane. Bayan ya tsaya, kada ya sake tashi ko da feda ta dawo. A kira makanike ko a jawo motar. In an yi haɗari, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, kuma kyauta ake kiranta.

KAMMALAWA

Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tuƙa motar da ba ta da lafiya yana cikin laifuffukan da take kamawa. Amma jami'i ba ya tare da direba a kowace gangara. Fasinjan da ya biya kuɗi ya zauna bai ga fad ba, bai ga tiyo ba. Amana ya ba direba, direba kuma ya ba makanike. Mai motar da direbansa ya kawo masa kukan birki ya ce a lallaɓa, shi ma yana da kaso cikin abin da ya biyo baya.

Saboda haka ana roƙon duk wanda ya ji wannan jawabi ya duba kwalbar man birkinsa gobe da safe kafin ya bar gida, ya sa a cire taya a auna masa fad cikin wannan mako, ya kuma karanta wa ɗan'uwansa wanda bai iya karatu ba. Shugabannin tasha su hana lodi ga motar da aka san birkinta na yoyo, kome kusancinsu da mai ita.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.